Waya na da riga da gilashi, firizar gida ba ta da mai gadi

A kowace majalisar matasa a Funtua ko Malumfashi, in aka ce kowa ya ajiye wayarsa a kan benci, da wuya a sami guda ɗaya tsirara. Kowace na da riga, kowace na da gilashin kariya. Matashin da ya sayi Infinix ko Tecno ko Redmi ba ya barin shagon sai an manna masa gilashi a gabansa, ya duba ko iska ta shiga ƙarƙashi. Ya san bambancin caja ta asali da ta jabu, ya san wayar ba ta son rana, kuma in ƙaninsa ya ɗauke ta da hannu mai maiƙo sai an ji kansu.

To amma a bi shi gida. Firizar mahaifiyarsa, wadda kuɗinta ya kai na wayar ko ya ninka, tana jone kai tsaye da soket ɗin bango. An matse ta a lungu, bayanta ya yi kauri da ƙura da yanar gizo-gizo, an jera mata kwanuka da buhun gari a kai. Ita ce ke sanyaya zoɓo da kunun aya da lamurje da ake sayarwa a ƙofar gida, ita ce ke yin ƙanƙarar da ake rububi a kanta da azumi. Sau da yawa ma daga cinikinta ake ba shi kuɗin data. Ranar da ta tsaya, sai a ce "ai ta tsufa", ko "Nepa ce ta ƙona ta", a kira mai gyara, a biya, a mayar da ita lungun da ta fito, a jona ta yadda take a da.

Kayan wutar da ke gidajen wannan yanki ba tsufa ke kashe yawancinsu ba. Wuta marar daidaito ce, da ƙura, da zafi. Dukkansu ukun ana iya rage ɓarnarsu da kuɗi kaɗan, wani lokacin ma da tsumma da tsintsiya kawai. Kuma wanda ya fi kowa dacewa ya ɗauki wannan aiki a gida shi ne matashin nan mai waya, domin shi ya iya karanta rubutun da ke jikin na'ura, shi ke da intanet a aljihu, shi kuma ya riga ya koyi tattalin na'ura. Sai dai iliminsa ya tsaya a kan abu ɗaya.

A da ana iya yin sakaci a sha. Yanzu lissafin ya canza. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba; zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kusan duk abin da ake jonawa da wuta, ko daga waje aka shigo da shi, ko kayan haɗinsa daga waje suke, don haka farashinsa ya bi dala. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Magidanci a Bakori ko Kafur ko Dandume ba da albashi yake auna firiza ba, da buhun masara yake aunawa. Shekarar da masara ta yi daraja yana iya runtse ido ya saya. Shekarar da ta faɗi, taki kuma ya ƙi saukowa, buhunan da za a fitar don a maye gurbin kwamfureso ɗaya na iya zama abincin gida na makonni. Shi ya sa na'urar da ta fi araha a bana ita ce wadda take gidan tun bara, in an hana ta mutuwa.

A fara da wuta, tunda ita ce babbar mai laifi. Kayan da ake sayarwa a Najeriya an ƙera su ne su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Abin da ke isowa gida a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, musamman daga magariba zuwa goma na dare, yakan yi ƙasa da haka sosai. Shi ne lo-karan da kowa ya sani, lokacin da fanka ke juyawa kamar ba ta so. Mutane da yawa suna ganin wuta mai ƙarfi ce kaɗai ke ƙona kaya, mai rauni ba ta da illa. Ga caja da ƙwan fitila na zamani, akwai gaskiya a ciki. Ga duk abin da ke da mota a ciki, wato firij da firiza da injin jan ruwa, akasin haka ne. Motar kwamfureso na buƙatar ƙarfi mai yawa a daƙiƙar da za ta tashi. In wutar ta gaza ba ta wannan ƙarfin, sai ta tsaya cak tana zuƙar wuta ba ta juyawa, wayoyin da aka naɗe a cikinta su yi ta ɗaukar zafi. Akwai ƙaramin abu a gefenta da ke yanke wutar in zafin ya yi yawa, ya sake haɗawa in ta huce. Shi ne sautin "ƙas" da ake ji bayan kowane minti ɗaya ko biyu daga bayan firiza. Duk wanda ya ji wannan sauti yana maimaituwa, firiza kuma ba ta tashi ba, to ya zare fulogi nan take. Kowane "ƙas" ragi ne daga kwanan kwamfureso.

Sai kuma wasan ɗaukewa da kawowa. In aka ɗauke wuta firiza na cikin aiki, gas ɗin da ke cikin bututunta yana matse a gefe ɗaya, kuma yana buƙatar kamar minti uku zuwa biyar kafin ya daidaita. In aka maido da wutar bayan daƙiƙa goma, kwamfureso zai yi ƙoƙarin tashi a kan wannan matsi, kamar a ce mutum ya tura kurar da aka sa wa dutse a gaban taya. Haka ma in an sauya daga wutar Nepa zuwa janareto cikin gaggawa. Wannan ne amfanin ƙaramar na'urar nan da masu shago ke kira gadin firij: tana yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama fiye da kima, kuma in wutar ta dawo tana jira na 'yan mintuna kafin ta saki. Kuɗinta bai kai na fawa-bank mai kyau ba. Matashin da ke da fawa-bank biyu, firizar gidansu ba ta da gadi ko ɗaya, ya kamata ya sake duba lissafinsa.

Akwai ruɗani tsakanin gadi da sitabilaiza, kuma ya kamata a warware shi. Sitabilaiza ɗaga wuta take yi in ta yi rauni, ta sauke ta in ta yi yawa, cikin iyakar da aka rubuta a jikinta. Gadi ba ya gyara komai, yankewa kawai yake yi. Gidan da matsalarsa lo-karan ce kullum, sitabilaiza yake buƙata, in ba haka ba gadi zai hana firizar aiki dare da rana. Amma a sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da firizar ke ci sau biyu ko uku, saboda zuƙar farkon tashi. Yawancin sitabilaiza suna da maɓallin jinkiri a gaba. Abin takaici, shi ne maɓallin farko da ake kashewa a gida, wai don ana gaggawar a ga firiza ta tashi. Minti ukun nan da ake jin haushinsu su ne dalilin sanya maɓallin.

Ita kuwa wutar da ke ƙona kayan layi guda a dare ɗaya, talabijin da dikoda da caja da ƙwai gaba ɗaya, yawanci ba wai "an turo wuta da yawa" daga ofis ba ne. Wayar nutural ce ta tsinke, ko ta saki, ko ɓarayi suka yanke ta a gindin taransifoma. In haka ta faru, wutar wasu gidaje na iya hawa ta doshi bolt 400, ta wasu kuma ta faɗi. Alamarta a bayyane take: fitilar wani ɗaki ko ta maƙwabci ta yi haske fiye da kima, ta wani ta dushe, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi sama. Wanda ya ga haka ba soket zai bi ɗaya bayan ɗaya ba, babban makunnin gidan zai nufa ya kashe. Yana da kyau kowa a gidan, har mata da yaran da suka yi wayo, ya san inda wannan makunni yake.

Wani zai ce duk wannan ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba ne. Wanda ke biyan kuɗin wuta haƙƙinsa ne a ba shi wutar da ba za ta ƙona masa kaya ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba a ce a bar ta ba. Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma hukumar NERC ta sha nanata cewa gyara taransifoma da sauya ta da samar da falwaya aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na mutanen unguwa ba. Akwai hanyar kai koke: a fara da ofishin kamfanin, a rubuce, in ba a sami biyan buƙata ba a wuce ofishin sauraron koke na hukumar. Matasan da suka iya rubuta dogon sharhi a Facebook kan ƙwallon Ingila za su iya rubuta wannan takarda. Sai dai wata matsalar ta fi ƙarfin kamfanin rarrabawa ma. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Kafin a gyara tsarin da ke iya yin haka, firizar gida na buƙatar ta rayu. Neman haƙƙi da sayen gadi ba kishiyoyi ba ne.

Akwai wani abu da kusan ba wanda ke dubawa lokacin sayen firij, alhali a rubuce yake a takardar da aka manna a bayansa ko a cikinsa. Kowane firij yana da ajin yanayin da aka ƙera shi don shi. Harafin N na nufin an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST ya kai digiri 38. T ya kai 43. Da yawa daga cikin firij na hannu da ake shigowa da su daga Turai N ne ko SN, domin don ɗakin girkin Jamus ko Ingila aka yi su. A nan kuwa, a watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35 a inuwa, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi haka nesa. Firij mai N a irin wannan ɗaki ba zai huta ba, kwamfureso zai yi ta aiki ba tsayawa, sanyin kuma ba zai gamsar ba. Azumin 2024 da na 2025 duka a watan Maris suka faɗo, daidai lokacin da ake matsa wa firiza lamba ta yi ƙanƙara sau biyu a rana. Ba abin mamaki ba ne masu gyara su fi samun aiki a wannan tsakanin. Mai saye ya nemi T, ko aƙalla ST. In mai shago ya ce "ai ɗan Turai ne, ya fi ƙwari", a amsa masa da cewa ƙwarin a ƙasar sanyi aka gwada shi.

Firizar da take gida kuma, ko wane aji ce, ana iya sauƙaƙa mata. Zafin da take cirewa daga cikinta ta baya ko ta gefe take fitar da shi, don haka tana buƙatar tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da bango, kuma kada a rufe gefenta da buhu ko katifa. Kada ta zauna inda rana ke dukanta ko kusa da murhu. Robar bakin murfi ana gwada ta da takardar naira: a rufe murfin a kanta, a ja, in ta zare ba turjiya, sanyi na fita ta wurin. In ƙanƙara ta taru a bangon ciki ta yi kauri, a kashe, a bar ta ta narke da kanta. Wuƙa da cokali sun kashe firiza da yawa, domin bututun gas ɗin yana nan bayan bangon da ake sara. In kuma an ɗauko ta a bayan mota ko a-kori-kura, a bar ta a tsaye na wasu sa'o'i kafin a jona, don man kwamfureso ya koma mazauninsa.

Ƙura ita ce ta biyu, kuma a wannan yanki iri biyu ce. Akwai ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai laushi kamar gari, wadda ke shiga ko'ina. Akwai kuma ta kaka, wadda mutanen birni ba su sani ba: ƙaiƙayin masara da dawa da waken suya lokacin casa, da zaren auduga da ke yawo a iska. Idan suka haɗu da ɗan maiƙo a jikin bututun bayan firij ko a ramukan iskar inbata, sai su zama bargo. Na'ura ta kasa fitar da zafinta, ta yi ta dahuwa a ciki. Maganinsa burushin fenti busasshe ne, bayan an zare fulogi, sau ɗaya a wata a lokacin hunturu. Fanka ma haka: in ta rage gudu, a fara goge fukafukanta. In ba ta dawo ba, sau da yawa kafasito ne ya mutu, ɗan ƙaramin abu mai araha da ake sauyawa cikin mintuna. An sha jefar da fanka lafiyayya a kan wannan. Ko wayar da ake cewa "ba ta kama caji sai an karkata ta", sau da yawa ƙurar aljihu ce ta cushe a ramin caji, tsinken sakace ya ishe ta in an bi a hankali, wayar na kashe. Allura ko fil ba su dace ba.

Inda aka fi yin asarar kuɗi a yanzu kuwa shi ne sola. Tun da fetur ya yi tsada, rufin gidaje da shagunan caji da na sayar da ruwan sanyi sun cika da faranti, har a ƙauyukan da falwaya ba ta taɓa zuwa ba. Ana ɗauka cewa da an kafa shi ke nan. Farantin kansa yana iya yin shekara ashirin ko fiye, amma batir ba haka yake ba, kuma shi ne mai tsadar. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa sarƙa ce mai sauƙin ganewa. Ƙurar hunturu ta lulluɓe faranti, hazo ya rage ƙarfin rana, batir ya daina cika da rana. Da dare kuma ana jan abin da aka saba ja, har inbata ta yi kuka ta kashe kanta. Batir mai ruwa ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, kuma ya fi ƙin a bar shi kwanaki bai cika ba, domin a lokacin ne wani gishiri ke daskarewa a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, ya ƙi narkewa. Kafin bazara, batirin da ke kai gida asuba ya koma mutuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Sai a ce mai shago ya sayar da jabu. Wani lokacin jabun ne. Sau da yawa kuwa bokitin ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya a mako ne aka rasa.

Wankin faranti da sassafe ake yi ko da yamma liƙis, ba da tsakar rana ba, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. A kuma lura da inuwa: reshen darbejiya ko sandar dish da ta rufe ɓangare kaɗan na faranti ɗaya tana rage aikin duk waɗanda aka jera tare da shi. Ruwan batir in ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba kuma fiya-wata ba. Ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Sannan wurin ajiya: ƙa'idar da masu ƙera irin wannan batir ke bayarwa ita ce, kowane ƙarin zafi na kamar digiri 10 sama da 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Duk da haka sai a ga an kulle batura a ɗan akurkin kwano marar taga don tsoron ɓarawo. Tsoron yana da dalili, amma ana iya yin ƙofar raga. Iskar da batir mai ruwa ke fitarwa lokacin caji tana kama wuta, wannan ma dalili ne na biyu. Batirin litiyam ya fi jure zuƙa kuma ba ya son ruwa, shi ya sa masu hali ke komawa gare shi, amma shi ma zafi na cin kwanansa, kamar dai na waya.

Janareto ba ya buƙatar dogon bayani. Baƙin mai a kan lokaci, bisa sa'o'in da littafinsa ya faɗa, ba sai ya koma kamar kwalta ba. Matatar iska a wanke ta, kada a cire ta a jefar don ta toshe. A kashe kayan da ke kansa kafin a kashe shi, a bar shi ya daidaita kafin a ɗora masa kaya. Kuma ba a kwana da shi a ɗaki ko zaure ko kusa da taga, domin hayaƙinsa ya sha hallaka iyali guda cikin barci. Injin ban-ruwa da ake noman rani da shi a fadamun Danja da kewayen madatsar Mairuwa ɗan uwansa ne: in an gama aikin rani za a ajiye shi, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireto, in ba haka ba ya daskare ya zama danƙo kafin baɗi. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana tsawa, a zare fulogin talabijin, a zare har wayar dish. Ta nan ma tsawa kan shigo.

Dole a yi maganar masu gyara, kuma a yi ta da adalci. Ba don su ba, rabin kayan wutar da ke Funtua da tuni suna bola. Akwai masu naɗa mota da hannu, masu gano matsalar allon talabijin da mita ɗaya da idonsu, waɗanda ba su taɓa shiga aji don haka ba. Amma akwai ɗabi'u biyu da suka zama ruwan dare, kuma mai kaya na da hannu a ciki. Ta farko ita ce "gas ya ƙare, a ƙara". Gas ɗin firij ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa da aiki. A rufe yake yana zagayawa. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya ƙara gas bai nemo hujin ya toshe ba, ya sayar da sanyin wata biyu ne kawai. Ta biyu ita ce sa waya a gurbin fiyus, ko cire abin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, don na'ura ta "daina damu". Fiyus an yi shi ne don ya mutu a madadin na'urar. Mai gyara na yin haka ne sau da yawa saboda mai kaya ya tsaya a kansa yana cewa a yi masa mai sauƙi, yau yake so. Araha ba ta ado. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyu zai iya tambaya cikin ladabi, "Malam, ina ne yake yoyon?", kuma daga amsar zai gane wanda yake hulɗa da shi.

Haka kuma akwai iyaka ga abin da bidiyon YouTube ko TikTok zai sa mutum ya taɓa. Shara da wanki da duba roba da sauya baƙin mai, na kowa ne. Buɗe bayan talabijin ko inbata ba na kowa ba ne, domin akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta bayan an zare fulogi. Yawancin sababbin firij kuma gas ɗin R600a suke amfani da shi, wanda ke kama wuta. An rubuta a jikin kwamfureso. Wannan aikin mai sana'a ne.

A Turai sai da aka yi doka kafin a dawo da abin da kasuwar nan ba ta taɓa bari ba. Faransa ta fara tilasta wa kamfanoni rubuta makin sauƙin gyara, daga ɗaya zuwa goma, a jikin wasu kayan wuta tun 2021. Tarayyar Turai ta amince da dokar 'yancin gyara a 2024, kuma daga Yunin 2025 wayoyin da ake sayarwa a can dole batirinsu ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, a kuma ci gaba da samar da kayan gyaransu shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin. Su suna da doka da kayan gyara na asali, suna neman masu gyara. Nan akwai masu gyara a kowane layi, abin da babu shi ne tabbacin cewa kafasiton da aka saya ko wayar wutar da aka ja a gida ta gaske ce. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa launin tagulla, da soket mai baki shida da ke narkewa in an jona dutsen guga. Wannan aikin hukumar SON ne, kuma abin da ake gani a shaguna ya nuna da sauran aiki a gabanta. Kafin nan, firiza da hita da dutsen guga kowanne ya sami soket ɗinsa na bango, kada a tara su a kan ƙaramin soket mai igiya.

Abin da ake nema daga matashin gidan bai taka kara ya karya ba, kuma wayar tasa ce kayan aikin. Ya ɗauki hoton takardar bayan kowace na'ura, mai ɗauke da samfuri da ƙarfin wuta da irin gas, ya ajiye. Ranar da za a sayi sitabilaiza ko kayan gyara ba sai an yi kirdado ba. Ya rubuta ranar da aka sauya baƙin mai da ranar da aka duba ruwan batir, ya sa wayar ta tuna masa. Ya rubuta abin da mai gyara ya ce ya sauya da nawa aka biya, domin in an dawo da matsala iri ɗaya bayan wata biyu a san da bakin da za a yi magana.

Lokacin saye a wannan yanki sananne ne. Bayan kaka, in an kai masara da waken suya kasuwar Dandume ko ta Funtua an riƙe kuɗi, a nan ake sayen firiza da sola da talabijin, a nan ake haɗa kayan ɗakin amare. A wannan ranar ce ya kamata gadi ko sitabilaiza su shiga cikin ciniki, tun kuɗin na hannu kuma mai shago na son a ɗauka. In aka ce sai wani satin, kuɗin zai tafi wani wuri, firizar kuma a daren farko za a jona ta.